Idan Zuciya Ta Ɓata Lugude

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata biyu masu lugude a turmi ɗaya ya san yadda abin yake. Wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke, ba mai karo da 'yar'uwarta. Haka zuciya take aiki. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su tura jini ga na ƙasa, na ƙasa su harba shi zuwa huhu da sauran jiki. Baligi mai lafiya in yana zaune, zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya.

Akwai ciwon da likitoci ke kira gazawar zuciya. Ba tsayawa ta yi ba, ƙarfinta ne ya ragu. Mai shi kan yi haki daga 'yar tafiya kaɗan, ƙafafu su kumbura, da dare kuma ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai. A ƙasarmu hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi. Akwai kuma ciwon makogwaro na yarinta wanda ba a yi wa magani ba, wanda kan lalata ƙofofin zuciya. Mata masu jego ma sukan gamu da wannan ciwo na gazawar zuciya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawansa da kunun kanwa da gashin jego.

To, a kan wannan rauni ne wata matsalar takan hau. Ɗakunan sama su daina matsawa, su koma karkarwa kawai. Na ƙasa kuma su rasa wanda za su bi, su riƙa bugu barkatai, sau da yawa fiye da 100 a minti. Lugude ya ɓaci ke nan. Wannan ita ce karkarwar zuciya.

Me zuwanta ke nufi ga mai gazawar zuciya? Gaskiya ba labari mai daɗi ba ne. A garin Framingham na Amurka, tun 1948 ake bin lafiyar zukatan dubban mutane. A 2003 masu binciken suka nuna cewa mai gazawar zuciya da karkarwa ta same shi daga baya ya fi wanda ba ta sama ba haɗarin mutuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Turin nan da ɗakunan sama ke yi shi ke ƙarasa cika na ƙasa. Zuciya mai ƙarfi takan jure rashinsa, amma mai rauni da ma da ƙyar take kai bantenta. Ga kuma gudun da ba hutu, wanda ke ƙara gajiyar da ita. Sai ciwon biyu su riƙa rura wa juna wuta, kwanciya asibiti ta yawaita.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne gudan jini. Jinin da ba a turawa da kyau kan kwanta a wani lungu na ɗakin sama na hagu ya daskare. Ran da gudan ya ɓalle, yana iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Karkarwa kan ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar.

In karkarwa ta zo, mutane kan ce faɗuwar gaba ce, a ɗora wa tunani ko iska, wasu kuwa ba sa jin komai sam. Shi ya sa nake ganin kowane gida mai irin wannan majinyaci ya kamata a samu wanda ya iya taɓa jijiya. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka saurara minti ɗaya. In bugun na tsalle, nan sauri, nan jinkiri, ba tsari, a je asibiti a nemi gwajin ECG. Ba ya ciwo, ba ya daɗewa.

Akwai magani, kuma yana sauya lissafi sosai. Likita kan ba da mai rage gudun zuciya, kamar bisoprolol ko digoxin, da mai tsinka jini, kamar warfarin. Warfarin kan rage haɗarin shanyewar jiki da kusan kashi biyu cikin uku, sai dai yana buƙatar gwajin jini a kai a kai. Asfirin ba ya maye gurbinsa. Kada a daina sha don an ji sauƙi, domin gudan jini ba ya sallama. A guji diclofenac da ibuprofen na kemis, suna tara ruwa a jiki, suna jawo zubar jini ga mai shan warfarin. A rage gishiri, da kanwa, da dunƙulen miya.

In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a jira gari ya waye. A nemi mota a lokacin, a tafi da kwalayen magungunan majinyacin duka a nuna wa likita.