Sanyin Hunturu a Toukra: Ɗumin Ɗaki da Kuɗin Makamashi

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iska takan juyo daga arewa maso gabas. Kafin ta iso N'Djamena sai ta ratsa kwarin Bodele a arewacin Chadi, wurin da masana suka ce babu inda ya kai shi tashin ƙura a duniya. Ita ce iskar hunturu. Sama ta yi fari, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso.

A watan Janairu, da rana zafin N'Djamena yakan kai digiri 32. Da asuba kuwa sai ya sauko wajen digiri 14, wani daren ma ƙasa da haka. Wannan saukowar ce take kaɗa jiki. Toukra tana gunduma ta 9 ta N'Djamena, tsakanin kogin Shari da kogin Logone, a bakin gari inda iska ba ta samun abin tare ta. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje da yawa a wannan gunduma, dubban mutane suka koma zaman rumfunan tamfol. Wanda ya sake gini da abin da ya samu, bango siriri da kwano tsirara, shi ya san yadda ƙarfe huɗu na dare take.

Ga makamashi da tsada. A farkon 2009 gwamnatin Chadi ta hana sayar da gawayi don a rage saran itatuwa. Matan birni suka koma girki da busasshen kashin shanu da ƙwallon goruba. A 2011 aka buɗe matatar mai ta Djarmaya, gas ya shiga gidaje da tallafin gwamnati, amma yakan yi ƙaranci har a bi layi da tukwane. Saboda haka kowace wuta da aka hura kuɗi ne ke ci. Ɗumin da ya fi araha shi ne wanda rana da jikin mutum suka bayar kyauta, in an hana shi gudu.

Ta ina yake gudu? Da farko ta sama. Iska mai ɗumi tashi take yi, kwano kuma ba ya riƙe zafi. Da rana ta faɗi sai ya huce, ya riƙa zuƙe ɗumin ɗakin har gari ya waye. Maganinsa silin. Ba dole sai na katako ba. Tabarma ko zana ko asabari da aka ɗaure a ƙarƙashin kwano, aka bar tazarar kamar taƙi ɗaya, ya wadatar. Iskar da ta tsaya a wannan tazara ita ce take tare sanyi. A nisanta silin ɗin da wayar lantarki da fitila. Kuɗin da aka kashe a nan ba ya faɗuwa ƙasa banza, domin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, silin ɗin nan ne zai tare zafin kwano.

Mai ɗakin ƙasa kada ya raina ɗakinsa. Bangon laka mai kauri yana shan zafin rana, da dare ya riƙa saki a hankali. In hantsi ya dubi ludayi kuma ƙura ba ta yi yawa ba, a buɗe ƙofa da taga iskar rana ta shiga. Kafin magariba a rufe. A naɗe tsohon zane a tare ƙasan ƙofa, a kafa zana a gefen da iska ke bugowa. Amma kada a toshe ko'ina. A bar 'yar kafa ta sama a gefen da iska ba ta bugowa, domin ɗaki mai cunkoso da babu shigar iska yana yaɗa tari, kuma rani lokacin sanƙarau ne.

Daɓen siminti yana jan ɗumin mai kwanciya a kansa. Mutane sukan lafta bargo a sama su manta da ƙasa. A shimfiɗa kwali, a ɗora tabarma, sannan katifa ko tsohon bargo. Riga biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu. Hula da safa na gwanjo ba su da tsada, a fara saya wa yara da tsofaffi. Jariri kuwa babu abin da ya kai masa ƙirjin uwa: fata da fata, hula a kai, zane ya rufe su biyun, fuskarsa a buɗe. A mayar da wankansa tsakar rana.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi a wannan darasi. Kada a kwana da garwashi a ɗaki.

Da yawa sun ɗauka hayaƙi ne matsalar, in gawayi ya kama ya yi ja babu hayaƙi to an tsira. Ba haka ba ne. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. A ɗakin da aka rufe, yayin da iskar numfashi ke raguwa, ita ƙaruwa take yi. In ta shiga huhu takan kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar numfashi fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi. Mai barci ba ya farkawa ya ce ya ji wani abu. Barcinsa ne yake ƙara nauyi. Haka iyali guda suke kwanciya lafiya, da safe maƙwabta su ɓalle ƙofa. Uwar da ta shigar da kaskon wuta ɗaki, tausayin 'ya'yanta ta ji, babu wanda ya taɓa gaya mata. Ku da kuka karanta, ku gaya wa wanda bai zo aji ba.

Alamun wannan guba su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da rikicewa. Ana ɗaukarsu zazzaɓin cizon sauro, wasu su ce iskokai ne. Ga yadda ake ganewa: mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, in sun fita waje su ji sauƙi. In haka ta faru, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, a fitar da wutar. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, zai shaƙe. A kai shi asibiti nan take don a sa masa iskar numfashi. Mai juna biyu a kai ta ko da ta ce ta warware, domin gubar ta fi illa ga ɗan cikin. Murhun gas da aka kunna don ɗuma ɗaki da janareta a cikin gida duk suna fitar da wannan guba. Ga kuma gobara: gidan sauro, zana da tamfol ba sa jiran tartsatsi na biyu.

A ji ɗumin wuta a tsakar gida, a shiga ɗaki da ɗumin kawai. Lokacin girkin dare a jingina busasshen jan bulo a gefen murhu. In an gama a naɗe shi da tsumma mai kauri a sa wajen ƙafa. Kada a yi da jiƙaƙƙen dutse, yana iya fashewa. Ko a cika gora mai murfi da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, a naɗe. Ba a manna wa jariri waɗannan, haka mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi sosai. Sauran garwashin a kife masa tukunya ko a rufe da yashi ya mutu, gobe a sake hurawa.

A wajen girki ma ana tsimi. Murhun duwatsu uku a bakin iska yana zubar da mafi yawan zafinsa. A kewaye shi da laka, a bar ƙofar itace, a rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare. In ya tafasa sosai kamar minti 20, a sauke tukunyar da murfinta, a sa cikin kwandon da aka cika da tsummoki, a rufe ruf. Zai ƙarasa nuna da zafinsa, ba itace ba gas. Ruwan wanka a zuba a baƙar jarka a ajiye a rana tun hantsi, a yi wanka da la'asar. Na alwalar asuba a zuba a filas tun dare. Girkin itace a yi shi a waje: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020.

In yaro yana tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Ɗan wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50 ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa lokacin jan numfashi, a tafi asibiti ba jira.

Aikin gida: kowa ya ja layi biyu a littafinsa. A na farko ya rubuta sefa nawa gidansa ya kashe a itace, gawayi ko gas kowace rana, har kwana 7. A mako na biyu a gwada kwandon tsumma da jarkar rana, a rubuta a layi na biyu. A tara kowane layi, a ɗebe ƙarami daga babba, a kawo amsar aji.