Katangar Attika da Tarzomar 1971

Ya kamata mai karatu ya fara da sanin cewa a Amurka kowace jiha tana da nata gidajen yari, ban da na gwamnatin tarayya, kuma mafi yawan fursunonin ƙasar a hannun jihohi suke. Ana rarraba gidajen ne gwargwadon haɗarin mutanen da ke ciki, na can ƙoli shi ne mai tsananin tsaro, inda ake kai masu kisan kai da 'yan fashi da masu dogon ɗauri. Irinsa ne kurkukun Attika, wanda jihar Niyu Yok ta buɗe a 1931 a wani ƙaramin gari na manoma gabas da birnin Buffalo. An kewaye shi da katangar kankare mai tsayin ƙafa 30, ga hasumiyoyi da gandirobobi masu bindiga a kai. Aikinsa a fili yake: raba mai haɗari da jama'a har ya gama wa'adin da alƙali ya yanka masa. Babu mai hankalin da zai ce ba a bukatar irin wannan gida. Sai dai tarihin Attika ya nuna cewa katanga tana iya hana fursuna fita, amma zaman lafiyar cikin gidan ya dogara ne ga yadda ake riƙon mutanen da aka kulle.

A 1971 fursunoni fiye da 2,200 ne a gidan da aka gina don kimanin 1,600. Wanka sau ɗaya a mako, takardar bayan gida ƙunshi ɗaya a wata, asibiti kuwa sai dai a ce akwai. Fiye da rabin fursunonin baƙar fata ne, galibi 'yan birni, su kuwa gandirobobin kusan dukkansu farar fata ne 'yan karkara, ba su san duniyar juna ba. Musulmin ciki suna kuka da yawan naman alade a abinci da takura musu wajen ibada. Fursunonin sun rubuta koke a tsanake sun aika wa kwamishinan gidajen yari, Russell Oswald, aka yi ta yi musu alkawari. Ana cikin haka aka harbe wani sanannen fursuna, George Jackson, a kurkukun San Quentin na jihar Kalifoniya cikin watan Agusta, zukata suka ƙara zafi. Ranar 9 ga Satumba tarzoma ta tashi, fursunoni kusan 1,300 suka mamaye wani fili na gidan, suka yi garkuwa da ma'aikata 42.

Kwana huɗu ana ciniki. Oswald ya amince da bukatu 28, aka tsaya a kan afuwa ga masu tarzomar, domin wani gandiroba, William Quinn, ya mutu daga dukan da ya sha ranar farko. An roƙi gwamna Nelson Rockefeller ya zo da kansa, ya ƙi. Da safiyar 13 ga wata jirgi mai saukar ungulu ya zubo barkonon tsohuwa, 'yan sandan jiha suka buɗe wuta a cikin hayaƙin da ba su ganin gabansu. Fursunoni 29 da ma'aikata 10 suka mutu.

To, wani zai ce ai waɗannan mutane ba salihai ba ne, laifi ya kawo su, sun kashe gandiroba, har fursunoni uku 'yan uwansu sun kashe a lokacin tarzomar, kuma hukumar da ta biya wa masu garkuwa da mutane bukata ta buɗe ƙofar da ba za ta iya rufewa ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma batun afuwa kam abu ne da kowane gwamna zai daɗe yana juyawa. Amma a dubi abin da aka roƙa tun kafin a kai ga garkuwa: sabulu, likita, abincin da mutum zai iya ci, damar yin salla. Alƙali ɗauri ya yanke musu, bai haɗa da waɗannan ba. Da an ba su lokacin da suka roƙa a takarda, da ba a kira shi miƙa wuya ba. Hukuma ce da kanta ta koya musu cewa takarda ba ta da amfani. A kuma lura da waɗanda suka kafa sahu suka kewaye ma'aikatan da aka kama don kada a taɓa su: fursunoni Musulmi ne, waɗanda ake yi wa kallon masu tada zaune tsaye.

Akwai kuma mai cewa, ko ma mene ne, an shiga ne don ceton ma'aikata. Hukuma ta ba da sanarwa a ranar cewa fursunoni ne suka yanka wuyan waɗanda aka yi garkuwa da su, jaridu suka buga. Washegari likita mai binciken gawa, John Edland, ya bayyana cewa harsashi ne ya kashe su duka, alhali fursunonin ba su da bindiga ko ɗaya. Wannan ita ce illar doguwar katanga, tana hana na waje ganin abin da ake yi a ciki, sai ƙarya ta sami wurin kwana. Fursunoni 62 aka tuhuma a kotu, ɗan sanda kuwa ɗaya tak. Sai a 2000 jihar ta yarda ta biya fursunonin da iyalansu dala miliyan 8, a 2005 kuma ta biya ma'aikatan da iyalan mamatansu dala miliyan 12.

Batun ya shafi 'yan Nijeriya kai tsaye tun 2023, lokacin da aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, abin da a da tarayya kaɗai ke yi. Duk majalisar jihar da za ta zauna kan wannan doka, kuɗin bulo da siminti shi ne mafi sauƙin tambaya a gabanta. Sai ta faɗi mutum nawa gidan zai ɗauka kafin a ce ya cika, daga ina za a ɗebo gandirobobi, wa zai horar da su, wa fursuna zai kai wa ƙara, kuma wane ne daga waje ke da ikon shiga ya duba ba tare da neman izinin shugaban gidan ba.