Yadda A Ke Auna Ƙarfin Batir



A Bacirawa da sauran garuruwan ƙasar Kano, sau da yawa uba ya kan ga ɗansa ɗan sakandare yana neman lemun tsami da ƙusa da guntun waya, sai ya ɗauka wasa ne, ya hana shi. To, wannan ba wasa ba ne. Darasi ne na yadda batir ke ba da lantarki.

A shekarar 1800 wani masani na ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya nuna cewa in aka haɗa ƙarfe iri biyu, da ruwan gishiri a tsakaninsu, lantarki na fitowa. Daga sunansa aka sami kalmar bolt, watau ma'aunin ƙarfin lantarki.

Ga yadda a ke gwadawa. A soka ƙusa mai rufin tutiya a cikin lemo, a soka jan ƙarfe kusa da ita, kada su taɓa juna. Sa'an nan a ɗauko mita, a ɗora baƙar wayarta a kan ƙusa, ja kuwa a kan jan ƙarfe. Za ta nuna kusan bolt ɗaya. Dalili shi ne, tutiya tana narkewa a hankali cikin tsamin, lantarki na bin waya.

A ɗakin gwaji na makaranta a kan yi irin wanda John Daniell ya ƙago a Ingila a 1836. Tutiya a kofi ɗaya, jan ƙarfe a wani, kowanne cikin ruwan sinadarinsa, a gama kofunan da takarda jiƙaƙƙiya da ruwan gishiri. Wannan yana ba da bolt 1.1.

Abin lura shi ne, irin sinadaran da ke ciki su ke yanke yawan bolt, girman batir ba ya ƙara shi. Babban batirin tocila da ƙaramin na agogon bango duk bolt 1.5 ne, sai dai babban ya fi daɗewa. In aka jera biyu, kai da gindi, sun zama bolt 3. Batirin mota ɗaki shida gare shi, kowanne kimanin bolt 2. In ya cika zai nuna 12.6, in kuwa ya sauka zuwa 12, yana bukatar caji.

Saboda haka kada a sayi batirin mota ko na sola da kuɗin jama'a sai an auna shi a gaban malamin hakimi. Kuma a gargaɗi dagatai da masu unguwa: ruwan batirin mota yana ƙona fata, dalmar cikinsa guba ce ga yara. Kada a yar da mataccensa kusa da rijiya.

Yaron da ya nemi lemo kuwa, a ba shi. Allah ya sa mu amfana, amin.