Kulle Saƙon Waya: A Hannun Wa Mabuɗi Yake?

Idan masunci a Baturiya ya aika wa dillalinsa na kasuwar kifi ta Haɗejiya saƙon murya ta WhatsApp, saƙon yakan ratsa turakun kamfanin sadarwa da kwamfutoci masu nisa kafin ya isa. Duk da haka babu mai iya saurarensa a hanya, domin tun watan Afrilun 2016 manhajar take kulle kowane saƙo, ba ya buɗuwa sai a wayar wanda aka aika wa.

Dabarar tsohuwa ce, ɗalibi ma zai iya gwada ta. Idan aka musanya kowane harafi da wanda ke biye da shi a abacadar Hausa, sai KIFI ya koma ƘJGJ. Wannan ƙa'ida ita ce mabuɗi. Na waya kuwa lamba ce mai tsawon gaske, wadda kwamfuta za ta shafe miliyoyin shekaru tana gwaji ba ta canke ta ba.

Daga nan gardama ta taso. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da hirar tarho, amma a 2019 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fitar da ƙa'idojin da suka ba jami'an tsaro damar sauraren waya da izinin alƙali, har su nemi mabuɗin abin da aka kulle. Hujjarsu ba abar rainawa ba ce, don da waya masu garkuwa da mutane ke cinikin kuɗin fansa. Sai dai kamfanin layi ba ya riƙe da mabuɗin WhatsApp, balle ya miƙa shi.

An yi irin wannan ja-in-ja a Amurka a 2016, inda hukumar FBI ta nemi kamfanin Apple ya buɗe mata wayar wani mahari. Apple ya ƙi, bisa dalilin cewa ƙofar bayan gida da aka sara wa hukuma, ɓarawo ma zai gano ta. Wannan dalili yana da ƙarfi, domin lissafi bai san fuskar mai riƙe da mabuɗi ba.

Kullewar dai ba ta rufe komai ba. Idan masuncin nan ya yi kira irin na yau da kullum, kamfanin layi ya san lambar da ya kira, da lokacin, da turken da wayarsa ta kama. Tun Disambar 2020 kuma gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN.