Zaɓen Kwamfutar Wasa da Ƙaramin Jari: Darasi Daga Gangar Liebig

A ɗauka wani ɗalibi ne ya kammala sakandare, ya haɗa abin da ya samu a aikin hutu da gudummawar yayyensa, ya nufi kasuwa don sayen kwamfutar tafi-da-gidanka. Bukatarsa biyu ce: ta yi masa karatun jami'a na shekara huɗu ko biyar, ta kuma iya ɗaukar wasannin zamani idan ya sami sarari. Kuɗin nan sau ɗaya za su taru a hannunsa. In ya yi kuskure, da kuskuren zai zauna har ya gama digiri.

A shago an ajiye masa guda biyu da farashinsu bai yi nisa da juna ba, dukkansu ƙirar shekarar 2023. Ta farko ita ce MSI Thin GF63, samfurin da ke ɗauke da firosesa Core i7-12650H. Ta biyu kuwa Lenovo LOQ 15 ce, samfurin da ke da Core i5-13420H. Allon kowace inci 15.6 ne, kuma na'urar sarrafa hoton da ke cikinsu sunanta ɗaya, wato GeForce RTX 4050 mai ma'ajiyar gigabait 6. Ta farko ba ta kai kilo biyu ba, ta biyu kuwa ta kusa kilo biyu da rabi. Mai shago zai nuna tambarin da ke manne kusa da madannai ya ce, "Ɗan'uwa, wannan i7 ce, waccan i5. Ai bakwai ta fi biyar." Maganarsa ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce amsar tambayar ɗalibin ba.

Ganga mai gajeren katako

Ɗaliban ilmin halittu sun riga sun san mabuɗin wannan matsala, ko da yake a darasin tsirrai suka gamu da shi. A shekarar 1828 wani masanin aikin gona Bajamushe mai suna Carl Sprengel ya bayyana cewa girman shuka ba ya bin jimlar abincin da ke cikin ƙasa, yana bin sinadarin da ya fi ƙaranci ne. Justus von Liebig ya yaɗa wannan ra'ayi daga baya, har aka laƙaba wa dokar sunansa. An saba kwatanta ta da gangar da aka harhaɗa da katakai masu tsawo daban-daban: komai tsawon sauran, ruwa ba zai wuce bakin gajeren katako ba. Manomin da gonarsa ke ƙarancin fosfaras, ko buhu nawa na takin yuriya ya zuba, masararsa ba za ta yi abin kirki ba. A 1905 kuma Frederick Blackman na Jami'ar Kambirij ya nuna irin wannan a yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana: idan iskar kabon ta yi kaɗan, ƙarin haske ba ya ƙara komai.

Kwamfuta ma ganga ce. Katakanta su ne firosesa, da na'urar sarrafa hoto, da ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM, da allo, da hanyar fitar da zafi. Tambayar da ya kamata mai saye ya yi ita ce: a lokacin wasa, wane katako ne gajere?

Ƙaramin lissafi zai ba da amsa. Allon kwamfutocin nan biyu yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla ɗigo 2,073,600. Motsin da ido ke gani a wasa jerin hotuna ne tsayayyu da ke sauya juna da sauri. Idan ana son hoto 60 a daƙiƙa, dole a lissafa launin ɗigo sama da miliyan 124 a kowace daƙiƙa, kuma kowane ɗigo sai an duba hasken da ke sauka a kansa da inuwar da ta rufe shi. Firosesa ba a yi ta don irin wannan aiki ba. Ita tamkar ƙwararrun ma'aikata ce 'yan kaɗan, goma a cikin i7 ɗin nan, takwas a cikin i5 ɗin, masu iya warware matsala mai sarƙaƙiya ɗaya bayan ɗaya. Na'urar sarrafa hoto kuwa gayya ce: RTX 4050 tana da ƙananan ma'aikata 2,560 da ke yin aiki mai sauƙi iri ɗaya a lokaci guda. A yawancin wasanni masu nauyin hoto, firosesa kan gama nata rabon ta tsaya jiran 'yan gayya. Ƙara mata ƙarfi a wannan hali daidai yake da ƙara tsawon katakon da dama can ya fi sauran.

Suna ɗaya, abinci daban

To, in na'urar hoto ce gajeren katako, kuma sunanta ɗaya a kwamfutocin biyu, ashe ba kunnen doki aka yi ba? A nan ne akasarin masu saye ke faɗawa rami. Kamfanin NVIDIA da ke ƙera wannan na'ura ya bar wa masu haɗa kwamfuta zaɓin yawan lantarkin da za su ba ta, daga wat 35 har zuwa wat 115. A cikin MSI Thin GF63 an tsayar da ita a wat 45. A cikin Lenovo LOQ 15 ta wannan shekara tana iya jan wat 95. Tagwayen shanu ne, amma ɗaya ana ba shi rabin harawar da ake ba ɗan'uwansa, sannan a ɗaura musu garma iri ɗaya.

Kada a ɗauka ninka lantarki yana ninka aiki. Kamar yadda buhun taki na biyu ba ya ba da amfanin da na farko ya bayar, haka kowane wat da aka ƙara yake kawo ribar da ta gaza ta wanda ya gabace shi, kuma wajen ƙarshen zangon ribar takan zama kaɗan ƙwarai. Duk da haka tazarar da ke tsakanin 45 da 95 tana bayyana a ido, musamman a wasa mai nauyi irin Cyberpunk 2077 na shekarar 2020. A wasannin ƙwallon ƙafa kamar eFootball da EA Sports FC, ko tsohon wasa irin GTA V, kowace daga cikinsu za ta wadatar.

Wannan lamba ta wat ba kasafai ake rubuta ta a jikin kwali ba. Ana ganinta a cikin manhajar NVIDIA da ke kan kwamfutar, a shafin bayanan na'ura. Akwai kuma shaidar da ba ta bukatar kunna komai, wato rubutun da ke jikin caja. Cajar ta farko wat 120 ce, ta biyu wat 170. Kwamfuta ba za ta daɗe tana cin abin da ya fi ƙarfin cajarta ba.

Zafi

Kusan duk lantarkin da ya shiga kwamfuta zafi yake komawa, kuma dalilin da ya sa aka rage wa siririyar kwamfuta abinci ke nan: jikinta ba zai iya fitar da zafin wat 95 ba. Dabarun da injiniyoyi ke bi sanannu ne ga mai nazarin halittu. A kan firosesa da na'urar hoto akan ɗora bututun tagulla da aka rufe da ɗan ruwa a ciki. Ruwan yana tururi a gefen da ke da zafi, tururin ya tafi gefen da ke da sanyi ya koma ruwa, ya sake dawowa. Ƙa'idar da ke sa gumi ya sanyaya fata, ko randa ta sanyaya ruwa, ita ce dai ke aiki a nan. A ƙarshen bututun akwai siraran faranta masu yawa da fanka ke hura wa iska. Amfaninsu faɗaɗa fili ne, irin amfanin da manyan kunnuwa ke yi wa giwa, ko yanyawa da ke zaune a hamada. GF63 fanka ɗaya gare ta, wadda firosesa da na'urar hoto ke tarayya a kai. LOQ tana da biyu, kuma wani ɓangare na ƙarin nauyinta tagulla ne da faranta.

Idan zafin firosesa ya kusanci digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace, kamar yadda mai gudu ke sassautawa a tsakar rana. Wannan batu ya fi shafar mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi fiye da wanda ya gwada kwamfutar a ɗaki mai sanyi a Turai. Saurin fitar zafi yana bin tazarar da ke tsakanin abu mai zafi da iskar da ke kewaye da shi. Na'urar da ke digiri 90 a ɗaki mai digiri 22 tana da tazarar 68. A ɗaki mai digiri 40, irin na watan Afrilu, tazarar ta koma 50, wato an yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Sai kuma ƙurar hunturu, wadda ke taruwa a tsakanin farantan nan ta toshe su kamar majina a hanci. A irin wannan yanayi i7 da aka matse a siririn jiki tana iya kasa nuna fifikon da aka biya kuɗi dominsa.

Inda siririyar ta yi gaba

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ke gefen MSI, don ba kaɗan ba ne. Rabin kilo ba wasa ba ne ga wanda zai riƙa saɓa jaka daga ɗakin kwana zuwa ɗakin lacca kullum. Wanda aikinsa ya fi karkata ga abin da ke wahalar da firosesa, kamar harhaɗa manhaja ko sarrafa ɗimbin alƙaluma, zai amfana da ƙarin ma'aikata biyu na i7. Sannan ga maganar wuta. Kwamfutar wasa ba ta nuna ƙarfinta a kan batir. Tana rage gudu sosai, kuma batirin da kyar yake kai awa biyu. Saboda haka ainihin wasan a jikin soket ake yinsa. A gidan da ke dogara da sola, wasan awa uku zai iya cin abin da ya kai wat-awa 360 a ta farko, da 510 a ta biyu, in an ɗauki iyakar ƙarfin caja. Batirin gida mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma in na dalma ne, rabin wannan kawai ake so a taɓa. Mutanen gida da ke jiran fanka da fitila da dare suna da ta cewa a wannan lissafi.

Sai dai akwai abu guda da ke karya wannan hujja. LOQ tana da yanayin aiki na lallaɓawa, wanda ake shiga ta danna maɓallan Fn da Q, inda take rage cin wuta da ƙarar fanka. Wato mai babbar yana iya mayar da ita ƙarama duk ranar da ya ga dama. Mai ƙaramar ba shi da maɓallin da zai mayar da ita babba.

Abin da ake iya gyarawa gobe

Ragowar katakan ba su bukatar dogon bayani. RAM da ma'ajiyar SSD ana iya cire su a sa manya, kuma kwamfutocin biyu suna da gurbin RAM guda biyu. Gigabait 8 ya yi kaɗan ga wasannin yau, 16 ne daidai, kuma sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, domin hanya biyu ce bayanai ke bi a maimakon ɗaya. A lura dai cewa farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya a ƙarshen 2025, don haka wadda ta zo da 16 tun daga shago tana da ƙarin daraja. Firosesa da na'urar hoto kuwa a like suke da allon na'ura, haka ma ba a sauya tsarin fanka. Mai ƙaramin jari ya kamata ya zuba kuɗinsa a abin da ba ya canzuwa.

Allon kowace yana iya sauya hoto sau 144 a daƙiƙa, kuma 'yan kasuwa suna son ambaton wannan lamba. Fim ɗin silima hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa, ido kuma ya karɓe shi a matsayin motsi. A hoto 60, kowane hoto yana ɗaukar kimanin kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa, a 144 kuwa kimanin kashi 7. Mutum yana iya jin wannan bambanci a wasa mai sauri, ko da yake bai kai ƙuda ba, wanda idonsa ke rarrabe walƙiya fiye da 200 a daƙiƙa, abin da ke taimaka masa ya tsere wa mari. Amma allo ba ya ƙirƙirar hoto. In na'urar hoto 50 take iya bayarwa, 50 ɗin za a gani.

Ga ɗalibin nan da ke son wasa, kuma yake zaune a ƙasa mai zafi, hukuncin ya karkata ga Lenovo LOQ mai i5, muddin bambancin farashin bai kai ya hana shi cika RAM zuwa 16 ba. Da yake an fitar da sabon jerin RTX 50 a 2025, waɗannan ƙirar 2023 galibi ragowar kaya ne ko na hannu, kuma sunan samfuri ɗaya yana iya ɗauke da kayan ciki daban-daban. Don haka kafin ya miƙa kuɗi, ya nemi a jona ta da wuta, ya duba lambar wat da idonsa, ya kunna wasa mai nauyi na tsawon minti 20 zuwa 30. Mintuna biyar na farko ba sa nuna komai, domin tagullar ba ta gama ɗaukar zafi ba. In bayan kwata na awa hoto ya fara tsinkewa, fanka kuma tana kuka iska ba ta fita sosai ta baya, to farantan sun toshe ko man da ke tsakanin na'ura da bututu ya bushe, kuma sai a cire kuɗin gyaran daga farashi tun a gaban mai shago.