Idan mai ciwon dajin hanyar maɗaciya ya ce ya gaji, a yarda da shi



Ni ma'aikaciyar jinya ce. Idan aka gano mutum na da ciwon dajin hanyar maɗaciya, tambayar da dangi suka fi kawo mini ita ce: "Sista, me ya sa Baba ba ya iya komai? Ya wuni a kwance, ya kwana a kwance, da safe kuma ya ce jikinsa a mace yake." Wani ma sai ya sassauta murya ya ce ko dai ya karaya ne tun da ya ji sunan ciwon. Wannan zato na ɓata mini rai, domin gajiyar tana da dalili, kuma barci ba ya kawar da ita.

Hanta na haɗa ruwan maɗaciya kimanin rabin lita ko fiye a kullum. Ruwan kan bi wasu siraran hanyoyi ya sauka cikin hanji, ya taimaka wajen narkar da maiƙo. Idan ƙari ya fito a hanyar ya toshe ta, sai abin ya zama kamar kwalbatin da ya cushe a fadama: ruwa ya rasa mafita, ya koma baya. A jikin mutum, cikin jini yake komawa. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, ga ƙaiƙayi mai tsanani da ya fi tashi da dare. Wanda ya kwana yana susa har fata ta yi jini, ina zai samu ƙarfi da rana? Ga shi abincin da ya samu ya ci ba ya narkewa yadda ya kamata, marmarin cin ma ya tafi, jini na raguwa, shi kansa ƙarin yana cin ƙarfin jiki. In an fara allurar kemo, wadda aka saba yi a rana ta 1 da ta 8 cikin kowane kwana 21, kasala kan ƙaru a kwanakin da ke biye. Kada a manta da tunani: magidanci ne da aka gaya masa magana mai nauyi, yana lissafin iyali da gona da kuɗin zuwa asibiti a Azare, wani lokaci har Kano ko Shika.

Abin da na fi so mu gyara shi ne dubiya. Akwai wani dattijo manomi daga ƙauyukan bakin kogin Jama'are da na yi jinyarsa. Tun bayan asuba ake sallama a ƙofarsa. Duk wanda ya shigo sai ya yunƙura ya zauna, ya laluba hula ya sa, ya amsa gaisuwa tun daga "ya jiki" har zuwa tambayar iyali, yana ta cewa "da sauƙi, alhamdulillahi". Kafin la'asar hannunsa na rawa, kofin kunu ma sai an riƙe masa, ya yi kurɓi biyu ya kawar da kai. Ɗan ƙarfin da ya kamata ya ci abinci da shi, gaisuwa ta cinye. Da babban ɗansa ya shimfiɗa tabarma a zaure ya riƙa karɓar masu dubiya a can, ana shiga wurin dattijon bayan la'asar kawai, na ɗan lokaci, sai ga shi yana shan kununsa da kansa, har yana takawa zuwa ƙofar gida. Dubiya lada ce, ba na musu. Malamanmu ma sun koyar cewa a taƙaita ta, a yi addu'a a tashi.

Sai batun magani. Mun tashi muna jin cewa shawara, wato rawayar idon nan, ba ta son allura, sai jiƙo. Wannan magana ce ke sa mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya yi nisa. Shawarar da toshewa ta kawo, babu saiwa ko sassaƙen da zai buɗe ta, hantar da ke cikin wahala kuwa ƙarin nauyi ake ɗora mata. Haka ma sayo maganin ƙarin jini ko na ciwon jiki a kemis ba da sanin likita ba. Irin su diklofenak na iya jawo zubar jini ga mai wannan ciwo. Shi ma "a sa masa ruwa" da muke so, ledar ruwa ba ta maganin wannan gajiya sai in jikin ya bushe ne. Abin da ke taimakawa shi ne likita ya auna jini, ya ba da maganin ƙaiƙayi da na zafi, in ya yiwu a sa ɗan bututu a buɗe hanyar. Sau da yawa idan shawarar ta sauka, cin abinci da ƙarfi kan ɗan dawo.

A gida, a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunu, fate, kindirmo, dafaffen kifi ko ƙwai. Ƙosai da soyayyen abu a rage in suna ɓata masa ciki. A yanke masa farce, a shafa man kaɗe, wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ya ɗan taka a tsakar gida minti 10 idan rana ta yi sanyi, domin kwanciya tsantsa na ƙara kashe jiki. Sallah a zaune ta halatta gare shi, azumi kuwa a tambayi likita da malam. Mai jinyar, wadda galibi matarsa ce ko 'yarsa, a riƙa karɓarta ita ma ta runtsa.

Ciwon nan ba a ɗaukarsa, kada a ware masa kwano. Sai dai ciwon hanta nau'in B na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarinsa, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da wannan ciwon hanta. Ya kamata 'yan gida su yi gwaji, wanda ba shi da shi ya yi rigakafi.

Akwai gajiyar da ba a kwana da ita a gida. Idan zazzaɓi ya kai 38 ko ya zo da rawar sanyi, ko ciwo ya tsananta a gefen dama na saman ciki, ko ya fara sambatu da barcin da ba ya tashi da sauƙi, ko bayan gida ya koma baƙi, ko ya yi aman jini, ƙila ƙwayar cuta ce ta shiga hanyar da ta toshe ko jini ne ke zuba a ciki. Don Allah kada a ce sai gari ya waye. A nemi mota a kai shi asibiti a daren, a tafi da katinsa da duk takardun gwajinsa.