Ina Tarar da Mahaifiyata Jiƙe a Gidan Kula da Tsofaffi

Tambaya: Mahaifiyata tana gidan kula da tsofaffi a nan Ingila tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Sau biyu ina tarar da ita jiƙe da fitsari, ta danna ƙararrawa ba wanda ya zo. Yanzu ta rage shan ruwa don kunya. Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka miki da alheri. Kada ki yi shiru. Fatar tsoho ba ta jure jiƙa. Fitsari na cin ta, yana kuma ƙara haɗarin fitowar gyambon kwanciya. Rage shan ruwa kuma na jawo ciwon mafitsara da ruɗewa.

Ki riƙa rubuta rana da lokacin da kika tarar da ita haka. Idan kin je, ki duba ƙugunta da diddigenta, ko akwai jan da ba ya gushewa. Sannan ki zauna da shugabar gidan, ki nemi a rubuta a tsarin kulawarta cewa za a riƙa kai ta banɗaki a kan lokaci, a canza mata ƙunzugu da zarar ya jiƙe, mace ce za ta yi mata tsarki da ruwa don ta samu natsuwar yin sallah.

In ba a gyara ba, ki kai ƙara a rubuce ga sashen kare manya na ƙaramar hukumar da gidan yake, ki kuma sanar da CQC, hukumar da ke sa ido kan waɗannan gidaje. Ki lallashi Mama ta koma shan ruwa. Lalura ba abin kunya ba ce.